SAMARIN JOS SUN SAMI ILMIN ZAMANI, SAURA JARI

Duk wanda ya bi hanyar Bukuru ko ta Barikin Ladi zai ga tafkuna birjik a dama da hagu, ga kuma tulin jar ƙasa kamar ƙananan duwatsu. Waɗannan su ne ragowar haƙar kuza, watau sana'ar da ta kafa garin Jos, ta kuma jawo masa jirgin ƙasa daga Zariya tun cikin 1914. Don a ba ma'adinan wuta ne aka kafa kamfanin lantarki na NESCO a 1929, wanda ya riƙa samar da wuta daga ruwan Kurra. Amma jarin da aka yi aikin da shi daga Landan ya zo, ribar kuma can ta koma. 'Yan ƙasa, da Birom da Hausawa da sauran kabilun da suka yi ƙaura zuwa bariki, akasarinsu lebura ne masu ɗaukar kwano a ka. Da kasuwar kuza ta duniya ta karye a watan Oktoba na 1985, abin da ya rage wa jama'a shi ne ramuka cike da ruwa.

Dalilin tuna wannan tarihi shi ne, yau an sake samun wata kuza a Jos, amma wannan karon a cikin kawunan samari take. Ɗaruruwan 'yan makaranta, maza da mata, sun koyi rubuta manhajar kwamfuta da ta wayar hannu, kuma da yawa daga cikinsu suna son kafa kamfanoninsu na kansu. Abin da ya tsaya musu a wuya shi ne jari, da kuma sharuɗɗan da ke biye da shi.

YADDA ABIN YA FARO

A shekarar 1975 aka kafa Jami'ar Jos, kuma tun daga lokacin garin bai rasa masu ilmi ba. Amma sai a 2015 ne wani matashi mai suna David Daser ya buɗe wata cibiya da ake kira nHub, wadda tana cikin na farko-farkon irinta a Arewa. Aikin cibiyar iri biyu ne: a koya wa matasa rubuta manhaja, sa'an nan a karɓo kwangilar aiki daga kamfanonin wasu wurare a ba su su yi. Da kuɗin kwangila ake biyan haya da man janareto da kuɗin intanet. Daga baya Gwamna Simon Lalong ya naɗa shi Daser shugaban hukumar raya fasahar sadarwa ta Jihar Filato, sa'an nan a 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba shi shugabancin makarantar Digital Bridge Institute. A Kaduna ma Malam Sanusi Isma'ila ya buɗe irin wannan cibiya mai suna CoLab a 2016.

To, koyon aiki daban, kafa kamfani daban. Saurayin da ya ƙware yana iya zama a ɗakinsa a Rayfield ko Unguwar Rogo yana yi wa wani kamfanin Ingila aiki, a biya shi da Dala ƙarshen wata. Wannan ba abin rainawa ba ne, don yana ciyar da gida, har ya biya wa ƙanne kuɗin makaranta. Sai dai in an duba da kyau, ƙwadago ne irin na kakansa mai ɗaukar kwano: shi ke da gumi, wani ke da kamfani. Wanda kuwa ya ce sai ya kafa nasa, a nan zai gane gaskiyar masu iya magana da suka ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

ME YA SA BANKI BA YA BAYARWA?

Mai neman rance a banki, abu na farko da za a tambaye shi shi ne jingina, watau takardar gida ko ta fili. Mai kamfanin manhaja kuwa dukiyarsa ba ta wuce kwamfuta ɗaya da abin da ke kansa ba, kuma babu manajan bankin da zai karɓi wannan. Ko da an ba shi, kuɗin ruwa kaɗai ya isa ya kashe shi, domin a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwan da Babban Bankin Nijeriya ya tsayar ya kai kashi 27 da rabi cikin 100, bankunan kasuwa kuma sama da haka suke ɗorawa. Bugu da ƙari, irin wannan kamfani yakan yi shekara biyu ko uku yana cin kuɗi kafin ya fara kawo riba, banki kuwa ba ya jira.

Saboda haka a duniya duka wata hanya ake bi. Mai kuɗi yakan zuba jarinsa a kamfanin, a ba shi wani kaso na mallakarsa. In kamfani ya mutu, kuɗinsa sun tafi, ba shi da ikon kai kowa ƙara. In ya bunƙasa, kasonsa ya ninka sau goma ko sau ɗari. Masu wannan sana'a sun san yawancin kamfanonin da suka zuba wa kuɗi ba za su kai labari ba, don haka sukan rarraba jarinsu wuri da yawa, da fatan ɗaya ko biyu za su mayar da hasarar sauran.

Misalin da aka fi sani a ƙasar nan shi ne na kamfanin Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a Ikko a 2015 don sauƙaƙa biyan kuɗi ta intanet. A 2016 wata cibiyar renon kamfanoni ta Amurka mai suna Y Combinator ta karɓe su, a lokacin kuwa ƙa'idarta ita ce ta ba da Dala 120,000 ta ɗauki kashi 7 cikin 100. A 2018 suka sami ƙarin Dala miliyan 8. A watan Oktoba na 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye Paystack a kan kuɗin da aka ba da labarin sun haura Dala miliyan 200. Mai karatu zai lura cewa mataki-mataki aka hau, kuma a kowane mataki sai da suka nuna cewa masu amfani da abinsu sun ƙaru kafin a ƙara musu.

KUƊIN SUNA IKKO

A shekarar 2021 sababbin kamfanonin fasaha na Nijeriya sun tara fiye da Dala biliyan 1, amma kusan dukkan kuɗin a Ikko suka sauka. Dalili a fili yake. Can manyan bankuna suke, can lauyoyin da suka san irin wannan ciniki suke, can kuma baƙo daga Turai ko Amurka yake sauka. Ko Mark Zuckerberg mai Facebook, da ya zo a watan Agusta na 2016, unguwar Yaba ya fara nufa, inda cibiyar CcHub take. Mai jari yana son ya ga wanda zai ba kuɗinsa ido da ido, ya kuma tambayi wanda ya san shi.

Akwai kuma wani nauyi da Jos ke ɗauke da shi. Tun rikicin watan Satumba na 2001, da gobarar da ta cinye babbar kasuwar Taminus a 2002, sunan garin a kunnen na nesa ya haɗu da tashin hankali. Mutumin da bai taɓa zuwa ba bai san sanyin garin ba, bai san arhar hayar ofis in an gwada da Ikko ba, bai kuma san cewa a ɗakin koyon kwamfuta ɗan Musulmi da ɗan Kirista benci ɗaya suke zama ba. Abin da ke biyo baya shi ne, yaron da aka rena a Jos, da zarar ya fara tashe sai a ce masa ya tattara ya koma Ikko ko Abuja in yana son a dube shi. Da haka garin yake rasa waɗanda ya kamata su ɗauki na baya aiki.

ƘOFOFIN DA KE AKWAI

Duk da haka ba a ce babu hanya ba. Gidauniyar Tony Elumelu ta fara wani shiri a 2015 na Dala miliyan 100, inda take horar da masu ƙananan sana'o'i na Afirka, ta ba kowane Dala 5,000 kyauta, kuma ta intanet ake nema, saboda haka na Jos da na Ikko layi ɗaya suke bi. A ranar 19 ga Oktoba, 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sababbin kamfanonin fasaha. Dokar ta ce kamfanin da ya yi rajista, bai wuce shekara 10 da kafuwa ba, kuma 'yan Nijeriya da suka kafa shi suna riƙe da aƙalla kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa, yana iya neman shaida daga hukumar NITDA, wadda za ta ba shi damar samun rangwamen haraji. Ta kuma tanadi asusun jari na aƙalla Naira biliyan 10 kowace shekara. Har ila yau, a watan Maris na 2023 aka ƙaddamar da shirin iDICE na kimanin Dala miliyan 618, wanda aka danƙa wa Bankin Masana'antu gudanar da shi.

Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi da ke buɗuwa ga wanda bai yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ba, ko wanda ya cuɗa kuɗin kamfani da na cefanen gida a asusu ɗaya. Littafin lissafi tsaf shi ne abin da mai jari yake fara dubawa.

A YI HATTARA DA SA HANNU

Samun jari ma yana da nasa hatsari, domin kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A ɗauki misali: a ce wani saurayi ya ƙirƙiro manhajar da ke haɗa manoman dankalin Turawa na Bokkos da Mangu da masu sari a Fatakwal. An yi wa kamfaninsa kuɗi Naira miliyan 40, wani ya zuba miliyan 10, jimla miliyan 50. Mai jarin nan ya mallaki kashi 20, shi kuma saura 80. Bayan shekara ya sake neman kuɗi, sababbin masu jari suka ɗauki kashi 25 na kamfanin, nasa ya koma 60. Aka sake yin haka karo na uku, ya koma 45. Daga ranar nan in sauran suka haɗa kai, suna iya sauke shi daga kujerar kamfanin da ya kafa da hannunsa. Don haka kada kowa ya sa hannu a takardar da lauyansa bai karanta ba.

Sa'an nan ga maganar canji. Wanda ya karɓi Dala, da Dala za a auna ribarsa, alhali shi Naira yake samu. Kafin watan Yuni na 2023 Dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai Naira 500 ba, amma a farkon 2024 ta haura Naira 1,500. Kamfanin da cinikinsa ya ninka sau biyu a wannan tsakani, a idon mai jarin waje baya ya ci. Kuma yawan kuɗi ba ya hana mutuwa: kamfanin 54gene na binciken lafiya ya tara kimanin Dala miliyan 45, amma a 2023 ya rufe. Jarin da ya fi kowane albarka shi ne kuɗin mai saye. Dillalin tumatir a kasuwar Farin Gada da ya yarda ya riƙa biyan Naira 2,000 kowane wata don manhaja ta rage masa asara, ya fi alkawarin baƙo goma, kuma shi ne shaidar da za a nuna wa mai jari gobe.

INA ATTAJIRAN GIDA?

Abin mamaki shi ne, wannan tsari da ake gani kamar na Turawa ne, Bahaushe ya daɗe da saninsa. Tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja maigida yake ba yaronsa jari ya tafi ya juya, in ya dawo a raba riba, in kuwa an yi hasara ba da sakacinsa ba, mai dukiya ya ɗauka. Malaman fiƙihu suna kiran wannan ƙirali, kuma babu kuɗin ruwa a cikinsa. Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da irin wannan amana ya riƙa ba wakilansa kuɗi suna sayo masa gyaɗa a ƙauyuka. A nan Jos ma akwai abin koyi, domin a 1963 Ahmed Idris Nasreddin ya kafa kamfanin NASCO da saƙar buhuna, ga shi har yau biskit da sabulunsa suna shiga kasuwannin ƙasar nan, 'yan garin kuma suna cin abinci a ƙarƙashinsa.

Attajiran Filato da na Kano da na Bauchi sun saba zuba kuɗinsu a gidajen haya da filaye da tankokin mai, watau abin da ido ke gani, hannu ke taɓawa. Ba a ce su bari ba. Amma da mutum goma za su haɗu, kowa ya ware Naira miliyan 5, su ɗauki lauya da akanta da masani guda da zai tantance musu, da sun iya ɗaga kamfani biyar a shekara ɗaya. Dokar 2022 ma ta yi wa irin waɗannan masu zuba jari tanadin rangwamen haraji na kashi 30 cikin 100 na abin da suka zuba. Wataƙila uku daga cikin biyar ɗin su mutu. Amma wanda ya rayu, hedkwatarsa a Jos za ta zauna, ma'aikatansa a Jos za su yi cefane, ribarsa kuma ba za ta bi hanyar da ta kuza ta bi ba.

Su kuwa samarin, abin da ke kansu shi ne riƙon amana da tsare lissafi, domin ɗaya ya ci kuɗin attajiri ya sayi mota, ya rufe wa ɗari ƙofa. Allah ya sa masu hali su duba, ya kuma zaunar da Filato lafiya.