Injin kwalekwale: Abin da mai sayen farko zai duba kafin ya miƙa kuɗi

Ba a san Batsari da Safana da sufurin ruwa ba. Kogunan yankin na damina ne, suna cika su tumbatsa a watan Agusta, rani na shigowa su koma yashi. Babban ruwan da ya fi kusa da su shi ne madatsar Zobe a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, sai kuma ta Jibiya daga arewa. Matashin da matsalar tsaro ta raba da gonarsa a bakin dajin Rugu, ya kuma fara tunanin kamun kifi ko fito, can zai nufa. Idan ya samu ƙaramin kwalekwalen alminiyom, babbar shawarar da ke gabansa ita ce ta inji, domin sau da yawa injin ya fi jirgin tsada.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa babban inji ya fi aminci. Kwalekwalen da ya fito daga masana'anta yakan zo da ɗan farantin ƙarfe a jikin allon baya, an rubuta iyakar ƙarfin injin da zai ɗauka da iyakar nauyin mutane da kaya. Wannan shi ne ma'aunin farko. Jirgi mai tsawon mita 3.5 zuwa 4.5 yawanci inji mai ƙarfin doki 6 zuwa 15 ya ishe shi. Alminiyom ba shi da nauyin katako, saboda haka idan aka rataya masa inji mai doki 40, baya zai nutse, gaba ya ɗaga, kuma da zarar direba ya rage gudu ba zato, igiyar ruwan da ke biye da shi ta afko ciki ta baya. Wanda maƙeri ya haɗa masa jirgi ba shi da wannan faranti, sai ya zaɓi ƙaramin inji, ya kuma sa a ƙarfafa allon bayan da katako mai kauri.

Akwai kuma abin da masu saye ke mantawa har sai sun isa bakin ruwa, wato tsawon ƙafar inji. Iri biyu aka fi samu: gajera mai kusan santimita 38 da doguwa mai kusan 51. A auna tsayin allon baya tun daga inda ake ɗaure inji har ƙasan jirgi, a sayi wadda ta yi daidai. Idan ƙafa ta gaza, farfela za ta riƙa shan iska, inji ya yi ta kuka jirgi ba ya tafiya. Idan ta zarce, za ta riƙa karo da ƙasa, kuma a madatsar da ruwanta ke ja da baya kowane rani wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Inda muhawara take da tsawo shi ne nau'in inji. Akwai wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, kamar ƙaramin janaretan nan na shaguna, akwai kuma mai rumbun baƙin mai daban, kamar baburan Boxer. Na farkon ya fi sauƙin nauyi da kuɗi, kayan cikinsa kaɗan ne, kuma bakaniken babur mai basira zai iya gane kansa. Shi ya sa samfurin Enduro na Yamaha ya cika gaɓar Neja daga Yawuri zuwa Lokoja. Aibinsa shan mai da hayaƙi. Mai doki 15 yana iya shanye kusan lita 7 a awa ɗaya idan an buɗe masa wuta gaba ɗaya, mai doki 40 kuwa kusan lita 20. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan lissafi ya zama shi ne ke raba riba da faɗuwa. Nau'i na biyu ya fi tsimin mai, musamman a tafiyar sannu irin ta mai duba koma, amma ya fi nauyi da tsada, kuma gyaransa na neman ƙwararre. A ganina, wanda zai yi aiki a Zobe ya fara tambayar wane inji ne makanikan Dutsin-Ma da Katsina suka sani, kuma ina ake samun kayansa, kafin ya tambayi farashi. Injin da sai an jira farfelarsa daga Legas mako uku zai cinye abin da ya tsimta na mai.

Batun mai yana da wata fuska a wannan yanki. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma ƙayyade sayarwa a ƙananan hukumomin da ke fama da 'yan bindiga, har da Batsari da Safana. Tankin injin kwalekwale ɗauke shi ake yi a hannu, kusan jarka ce. Duk lokacin da irin wannan doka ta dawo, mai inji mai haɗama shi zai fara ajiye aiki.

Yawancin masu sayen farko na hannu za su saya, to kada a yarda da gwaji a busasshiyar ƙasa. Inji da ruwa yake sanyaya kansa, ta wani ɗan famfon roba da ke cikin ƙafa, kuma tayar da shi babu ruwa na ɗan lokaci kaɗan yana ƙona robar. A sa ƙafar cikin duro cike da ruwa, a tayar, a ga siririn ruwa yana tsartuwa ta baya. A kwance ƙusar man giya: idan man ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, galibi saboda zaren koma ya naɗe bayan farfela ya yanke robar da ke toshe wurin. Ruwa mai yashi da laka irin na farkon damina yana cin famfon da wuri, don haka a ajiye na canji. A nemi rasit da lambar inji, saboda kayan sata na yawo.

Inji ba ya ƙara wa jirgi wurin zama. A watan Nuwamban 2021 jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai a Jihar Kano ya kife, mutum aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Watanni kaɗan bayan haka, a bikin ƙaramar Sallah ta 2022, aka sake rasa yara a Mai'aduwa, cikin Katsina. A irin waɗannan haɗurra lodi fiye da kima da rashin rigar kariya ne ke yawan fitowa a bayanan hukuma. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta wajabta rigar kariya, ta kuma hana tafiyar dare. Don haka kuɗin riguna na kowane fasinja, da filafilai biyu, da igiyar da ke kashe inji idan direba ya faɗa ruwa, duk cikin kuɗin injin suke.

Haka nan idan ɗan majalisa ya raba jirage da injuna da sunan aikin mazaɓa, akwai tambayoyin da suka wuce hoton bikin: doki nawa ne injin, jirgin mutum nawa aka rubuta zai ɗauka, riguna nawa aka haɗa, kuma wa aka horar ya gyara shi a garin.