Kuɗin Abuja da Ƙaramar Hukumarmu: Ina Kason Mararaba Yake Tafiya?

'Yan'uwa da yawa a Sabo Ibadan da Agege suna ɗauka Mararaba cikin Abuja take. A'a. Da ka wuce Nyanya ka shigo jihar Nasarawa, ƙaramar hukumar Karu. A nan muke kwana, a Abuja muke neman abinci. To me ya sa kwatocinmu suke toshe, shara ta yi tsibi a bakin titin Keffi? Bari mu bi sawun kuɗin.

Duk wata, kwamitin FAAC yana raba kuɗin asusun tarayya. Gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. Wajen rabon, kashi 40 daidai wa daida ne, kashi 30 kuma ana duba yawan jama'a. Matsalar ita ce rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006. Daga lokacin zuwa yau, rusau da tsadar haya a Abuja sun turo mutane Mararaba da Ado da Masaka ba adadi. Mun ƙaru a ƙasa, ba mu ƙaru a takarda ba.

Na biyu, sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, kuɗin sai ya bi ta hannun jiha tukuna. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Amma ko ya iso, albashin ma'aikata da malaman firamare ke fara cinye shi.

Mahaifina falken shanu ne. Yakan ba mu labarin zamanin En'e, lokacin da haraji da jangali ke cika baitulmali, kafin Abubakar Rimi da Balarabe Musa su soke su a Kano da Kaduna bayan hawansu mulki a 1979. Ba wai a dawo da jangali nake cewa ba, talaka ya sha wuyarsa. Abin lura dai shi ne, hukumar da ke rayuwa da kuɗin sama, sama za ta riƙa kallo, ba mu ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kuma fa muna biya! Kuɗin rumfa, na tasha, na mayanka. Sau nawa aka karɓi kuɗi a hannuna wajen sauke dabbobi ba rasit?

Shawarata: duk inda kake zaune, ka nemi rasit. Hukumar ƙididdiga ta NBS tana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma a intanet. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su duba, su tambayi kansila: nawa ya shigo, me aka yi da shi? Allah Ya sa mu dace.