Alawar Yawon Sallah da Maganin Haƙori

Ranar Sallah, yaran Birnin Zazzau kan ci ado su bazu gida-gida, daga Ƙofar Doka har Kwarbai, suna karɓar barka da Sallah: kuɗi, alkaki da alawa. Ba a kuma rasa uwar da za ta ja kunnen ɗanta kada ya sha alawar wanda bai sani ba, wai ana sa mata guba.

Ba mu kaɗai ke da wannan fargaba ba. A Amurka yara kan yi irin wannan yawo daren 31 ga Oktoba. Masanin zamantakewa Joel Best ya bi diddigin rahotannin jaridu tun daga 1958, bai sami yaro ko ɗaya da alawar baƙo ta kashe ba. Yaron da ya mutu a Teksas a 1974, mahaifinsa ne ya sa masa gubar.

Gubar da ta taɓa Zariya kuwa, da kuɗi iyaye suka saye ta. A ƙarshen 2008 aka riƙa kai jarirai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, fitsari ya ɗauke musu. Ashe My Pikin aka ba su, maganin fitowar haƙori, wanda sinadarin dayetilin gilaikol ya gurɓata. Sinadarin yana da zaƙi, jariri ba zai tofar ba, amma jiki kan juya shi ya zama asid mai lalata ƙoda. Hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin, sai dai yara 84 sun rasu a ƙasar.

Jaririn da ya yini bai yi fitsari ba bayan shan magani, a garzaya da shi asibiti, haɗe da kwalbar.