Wa Ya Ɓata Hotunan Dina?

Ɗan ƙanwata mai hoton biki ne a Kano, kuma tun da ya fara cin gashin kansa kyamara ɗaya yake riƙe da ita: Sony A7 III, irin marar madubin nan da ta fito a 2018, mai zuba ɗigo miliyan 24 a kowane hoto. Ba ta taɓa kunyata shi ba. Amma ransa ya daɗe da biyawa ga A7R V ta 2022, mai ɗigo miliyan 61, musamman da ya ga abokan sana'a suna ta sauya kaya suna ɗora hoton kwali a Instagram. Kafin ya sayar da tsohuwar ya haɗa da kuɗin adashinsa, sai ya ari A7R IV wajen wani abokinsa, wato yayar wadda yake so, ita ma miliyan 61 ɗin ce, ya tafi da ita dinar wani biki don ya gwada.

Hotunan suka fito sun fi na tsohuwar muni nesa ba kusa ba. Da ya zo mini da kwamfutarsa muka baje su, sai na ga sun kasu gida biyu. Mafi yawansu dishi-dishi ne: idon amarya bai fito tar ba, duwatsun leshinta sun narke cikin juna, ga wani yashi-yashi ya cika duk inda inuwa take. Kashi na biyu fuskoki sun fito sarai, amma an yi musu ratsi, haske da duhu, haske da duhu, daga saman hoto har ƙasa. A biyu ko uku ma hannun mai liƙi ya karkace.

"Kawu, anya kyamarar nan ba ta taɓa faɗuwa ba?" in ji shi. "Ko filashata ƙin ta ta yi, sai cirewa na yi na jefa a jaka. Allah Ya sa yarona yana ɗauka da tsohuwar, da yau ban san me zan gaya wa uwar amarya ba."

Na fara da abin da ya fi sauƙi, wato yadda yake kallon hotunan. Ya saba da ya buɗe hoto sai ya danna ya kai shi ɗari bisa ɗari, ɗigon hoto ɗaya a kan ɗigon allo ɗaya. To hoton tsohuwar ɗigo 6000 ne a faɗi, 4000 a tsaye. Na sabuwar 9504 ne da 6336. Duka biyun kuwa farantin da ke kama haske a cikinsu girmansa ɗaya, milimita 36 da 24 ko kusa da haka. Ke nan in ka kai na sabuwar ɗari bisa ɗari, ka kusanto da fuska fiye da ninki ɗaya da rabi a kan yadda ka saba, duk wani ɗan aibu kuma ya kumbura daidai haka. Muka rage hoton sabuwar zuwa 6000, muka jera shi da na tsohuwar. Yashin ya ragu sosai. Dishi-dishin ya ɗan lafa amma yana nan. Ratsin kuwa ko gezau.

Na biyu da aka zarga shi ne gilashin gaban kyamara. Yana aiki ne da wanda ake sayar da kyamarar tare da shi, 28 zuwa 70, kuma masu sana'ar suna yawan cewa irinsa ba ya iya ciyar da miliyan 61. Akwai gaskiya a maganar, amma ba irin wadda ake zato ba: gilashi mai rauni yana hana ka cin ribar ɗigon da ka saya, ba ya mayar da hotonka ya fi na da muni. Muka manna shafin jarida a bango da rana, muka dasa kyamarar a kan ƙafa uku, muka ɗauka da kowacce. A tsakiyar hoto sabuwar ta karanta ƙananan rubutun da tsohuwar ta cakuɗa. A kusurwoyi bambancin kaɗan ne. Wannan gwaji ya wanke gilashin daga babban laifi, ya kuma wanke kyamarar daga zargin faɗuwa, don wadda ta bugu ba za ta karanta jarida haka ba.

Sai muka koma ga shaidar da ba ta ƙarya. Kowace kyamara tana rubuta wa kowane hoto bayaninsa a cikin fayil: tsawon lokacin da aka bar haske ya shiga, faɗin ƙofar gilashi, lambar ISO, da ko filasha ta tashi. Hotunan dishi-dishi kusan duka 1/60 na daƙiƙa ne, ISO daga 6400 zuwa 12800, filasha ba ta tashi ba. Na yaronsa kuwa, a zaure ɗaya, a dare ɗaya, ISO 800 ne, da filasha.

A nan lissafi yake da daɗi. Ɗauki hannun da ke rawa yana tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa, wanda ba wani sauri ba ne a filin dina. Cikin 1/60 ya yi tafiyar santimita ɗaya da rabi da ɗoriya. In hoton ya ɗauko faɗin mita biyu na zauren, wannan tafiya ta shafe ɗigo 50 a tsohuwar kyamara, kusan 80 a sabuwa. Ya ce ai kyamarar tana da na'urar hana girgiza a cikinta. Tana da ita, amma rawar hannun mai ɗauka take gyarawa, ba ruwanta da rawar amarya. Abin da ya saba tsayar masa da mutane cak shi ne filasha, wadda walƙiyarta ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa in ba a buɗe ta duka ba. Da ya cire ta, kyamarar ta yi abin da ya rage mata: ta tsawaita lokaci, ta ɗaga ISO. Dishi-dishi da yashi duk daga nan suka fito.

Saura ratsi, kuma shi ya fi cin lokaci. Bayanan fayil sun nuna hotunan ratsi duka an ɗauke su a 1/250 ko 1/320. Ya tuna cewa tsakar dare, da ya leƙa allon baya ya ga hannuwa suna shafewa, ya ƙara sauri da kansa. Wato ya gudu daga wata matsala ya faɗa wata. Ya ce ƙila fitilun adon zauren ne suka zana wa mutane layi a jiki. Na ce mu duba hotunan da ya ɗauka a tsaye, inda ya juya kyamarar gefe. A cikinsu ratsin ya miƙe tsaye, ba a kwance ba. Da layin a bango yake ko a jikin mutane, juya kyamara ba zai juya shi ba. Ratsin yana bin kyamarar ne duk inda ta juya, ke nan a cikinta ake haifarsa.

Na ce ya ƙirga duhun da ke hoto ɗaya. Ya bi da yatsa a kan allo, ya samu goma. Ya ƙirga na wani, tara da rabi ko goma.

Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙwan LED mai araha kuma yana dushewa ya dawo sau biyu a kowane juyi, wato sau 100. Ido ba ya gani. In duhu goma ya shiga hoto ɗaya, to an ɗauki kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ana haɗa wannan hoto daga sama zuwa ƙasa. Labulen ƙarfen da ke cikin kyamara, wanda ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga, ba ya wannan jinkiri; yana ratsa farantin cikin kusan 1/250, kafin ƙwan ya gama ƙiftawa ɗaya. Abu ɗaya ne ke ɗaukar wannan lokaci: in an kashe labulen, an ce kyamara ta ɗauki hoto shiru. A wannan hali tana karanta farantin ne layi bayan layi, kamar almajiri yana bin allonsa da yatsa, kuma layukan nan 6336 ne. Kafin ta kai ƙasa ƙwan ya ƙifta sau goma, hannun mai liƙi kuma ya bar inda yake lokacin da ta fara, shi ya sa ya karkace.

Daga nan maganar filasha, wadda ya faɗa tun farko muka wuce ta, ta zauna daidai. Wannan kyamara ba ta tayar da filasha in tana kan ɗaukar shiru, domin walƙiya ɗaya ba za ta haska layukan da ake karantawa ɗaya bayan ɗaya ba. Ba ƙin juna suka yi ba. Muka shiga jerin saitin kyamarar, ga shi nan a kunne. Ya kira mai ita a waya, ya ce ai shi a wurin shirin fim yake ɗaukar hotuna, inda ƙarar labule ke shiga makirufo darakta ya yi ta faɗa, don haka ba ya taɓa kashe shi. Shi kuma namu bai lura da shirun ba, don duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da lasifikar DJ a zauren dina ya san ko ƙofa aka buga ba za ka ji ba. Ya ɗauka laushin sabon kaya ne. Muka kashe saitin, ya ɗora filasha, ta tashi a dannawar farko.

Nan take ya ce to shi ke nan, tunda kyamarar lafiyarta ƙalau, gobe zai nemi mai sayen tsohuwar. Ni kuwa a ganina yanzu ne ma tambayar ta fara, don abin da muka gano bai nuna yana bukatar miliyan 61 ba, ya dai nuna ba su suka cuce shi ba.

Na tambaye shi ina hotunansa suke ƙarewa. Mafi yawa a WhatsApp, wanda ke matse hoto ya rage shi sosai in ba a tura shi a matsayin fayil ba. Sai Instagram, inda aka daɗe ana nuna hoto a faɗin ɗigo 1080. Sai albam, sai firem ɗaya babba na falon amarya, inci 20 da 30. Hoton ɗigo 6000 in aka shimfiɗa shi a inci 30 ya ba da ɗigo 200 a kowane inci, kuma ba mai zuwa ganin ɗaki da zai manna hancinsa a gilashin firem ya ce bai isa ba. Ga kuma kuɗin da ba a rubuta a jikin kwali ba. Ɗanyen fayil na sabuwar, ko an matse shi, wajen megabait 60 ne, in ba a matse ba ya ninka. Na tsohuwar wajen 24. Biki mai hoto 2000 ya tashi gigabait 120 ke nan. Sai sabon memori, sai sabuwar ma'ajiya, sai kwamfutar da tun yanzu take nishi, a garin da sau da yawa janareta ke riƙe da aikin gyaran hoto.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne A7R V ɗin da yake mafarki ba ta tsira daga ratsi ba. Ita ma karatun farantinta a hankali yake. Inda ta yi gaba sosai shi ne gane mutum da bin idonsa, da na'urar hana girgiza, kuma waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Amma wanda yake son shiru a ƙarƙashin fitilun zaure, misali a wurin ɗaurin aure ko walima, kyamarorin da aka gina don saurin karatu yake nema, irin Sony A1 ta 2021 ko Nikon Z8 ta 2023, wadda ba ta da labulen ƙarfe sam. Kuɗinsu kuma wani zance ne daban.

Ba na cikin masu cewa ɗigo da yawa ɓarnar kuɗi ne. Mai ɗaukar tsofaffin littattafan ajami don adanawa, ko mai ɗaukar aikin allura a babbar riga don talla, kowane ɗigo yana yi masa aiki. Haka mai tsayawa nesa ranar Hawan Daushe, inda dogarai ba za su bar shi ya matso ba: zai iya yanke tsakiyar hoton A7R, ya jefar da fiye da rabi, ya tsira da miliyan 26, fiye da duk abin da tsohuwar ke bayarwa. Da rana ake yi, haske ya wadata, gudun doki kuma labulen ƙarfe zai tsayar da shi. Wannan shi ne filin kyamarar. Zauren dina da ƙarfe goma na dare ba haske yake da shi da zai ciyar da ita ba.

Abin da ke takura shi a zaure shi ne ƙofar gilashinsa, wadda in ya ja ta zuwa 70 ba ta buɗewa fiye da 5.6. Gilashi mai buɗewa 1.8 yana shigo da haske kusan ninki goma a kan haka, wato inda yake fama da ISO 12800 zai sauko ƙasa da 1600, ko ya bar ISO a tsakiya ya ƙara sauri. Kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin sabuwar kyamara ba.

"To Kawu, in Sallah ta zo fa? Ina da masu doki da suke nemana."

Na ce abokin nasa ba ya fita aiki ranar hawa, ya biya shi haya. Da kuɗin adashin ya sayi gilashin 85 mai buɗewa 1.8 da ƙarin filasha da ƙafarta, sauran ya ƙara wa kwamfutar ƙwaƙwalwa. Har yanzu yakan turo mini farashin A7R V duk lokacin da dala ta ɗan sauka.