Masu Bautar Allolin Al'ummomi Daban-daban a Ingila: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne wata tambaya da 'yata ta yi mini bayan ta dawo daga gidan ƙawarta ta makaranta. Ta ce a falonsu ta ga wani ɗan tebur da gumaka huɗu a kai, ga kyandir da turare da kofin madara, sai ta ce, "Baba, wane addini ne wannan?" Na ce mata matsafa ne, na rufe maganar. Daga baya na ga ban kyauta ba, domin na shekara fiye da ashirin ina aikin injiniya a Ingila, a nan kuma na yi jami'a, amma ban san amsar ba. Da na tuntuɓi wani Bature abokin aikina, ashe shi ma ɗan hannu ne, shi ya warware mini zare da abawa.

Su dai waɗannan mutane suna kiran kansu Pagan, wato kusan abin da mu muke ce wa maguzawa. A ƙidayar jama'a ta Ingila da Wales ta shekarar 2021, kimanin mutum 74,000 ne suka rubuta wannan suna a matsayin addininsu, alhali a 2011 ba su wuce kimanin 57,000 ba. Wasu 13,000 kuma suka rubuta Wicca, tafarkin da wani mai suna Gerald Gardner ya fito da shi fili bayan an soke dokar hana maita a 1951.

Ba su da littafi guda, ba su da shugaba guda. Da yawansu kowa shi ke zaɓen abin bautarsa daga duk al'ummar da ta kwanta masa a rai. Shi abokin aikin nawa yana da Odin na mutanen arewacin Turai, da Isis ta tsohuwar Masar, da Brigid ta Ailan, wadda ake dangantawa da ƙira da warkarwa, ita ce ma ya ce ya riƙa saboda sana'arsa. Ibadarsu a gida take: kunna kyandir, zuba madara ko zuma, da addu'a. Wasu sun yi imani allolin nan na gaske ne, wasu kuwa sun ɗauke su alamu ne kawai na rana, da ruwa, da haihuwa, da mutuwa. Sukan kuma taru a duwatsun Stonehenge wajen 21 ga Yuni, ranar da yini ya fi tsawo. Kada a haɗa su da Hindu, waɗanda addininsu gado ne na dubban shekaru. Su kuma da bakinsu suna musun cewa Shaiɗan suke bauta wa.

Wannan gamin gambiza ba sabon abu ba ne a ƙasar. Zamanin mulkin Rumawa an haɗa Sulis ta 'yan ƙasa da Minerva ta Rum a garin Bath aka bauta musu a matsayin abu guda, sannan a 1954 aka tono ɗakin bautar Mithras a Landan, wanda asalin sunansa daga Farisa yake. Ko sunan ranar Alhamis a Turanci daga Thor ya samo asali. Mu ma idan muka waiwayi bori, za mu ga a cikin iskokinsa akwai Fulani, akwai malamai, har da Turawa.

To, ina ruwanmu? Ruwanmu biyu ne. Na farko, dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta hana muzguna wa mutum saboda addininsa ko aƙidarsa. Dokar da ke kare mai hijabi ita ke kare mai gunki, don haka ba'a ko zagi a wurin aiki na iya raba mutum da abincinsa. Na biyu, 'ya'yanmu suna cin karo da waɗannan alloli a fina-finai, da wasannin kwamfuta, da darasin tarihi, da intanet. Idan uba ya amsa da tsawa, yaro zai je ya tambayi wani.

Na sake kiran 'yata na gaya mata abin da na gano. Na ce a wurinmu Musulmi wannan shirka ce, ba ma yi, ba ma halartar wurin yin ta, amma ƙawarta tana da haƙƙin maƙwabtaka da kyakkyawar mu'amala. Tun daga ranar, in ta ga abin da ba ta gane ba, ni take fara tambaya. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa mu gama lafiya, amin.