SAYEN RUWAN SHA DAGA IDON RUWA

Bayani ga Hakimai da Malamansu

Kowa ya san yadda Rigachikun ta bunƙasa. Gari ne na ƙasar Igabi, cikin masarautar Zazzau, a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, yanzu kuwa gidajensa sun kusa haɗuwa da na Kaduna. Amma ruwan famfo bai kai kowace unguwa ba, balle ƙauyuka. In rani ya yi nisa, wajen Maris da Afrilu, rijiyoyin gida su kan janye. Sa'an nan sai mutane su koma sayen ruwa, ko wurin 'yan ga-ruwa, ko wurin mai rijiyar burtsatse, ko kuwa wurin wanda idon ruwa ya faɗo a gonarsa, ya kewaye shi yana karɓar kuɗi a kan kowace jarka. A kan wannan na ƙarshe za mu yi bayani, domin in rigima ta tashi, gaban Hakimi za a fara kawo ta.

Yadda idon ruwa ke samuwa

Ruwan sama ya kan nutse cikin ƙasa da marmara har ya tarad da dutse ko yumɓu wanda ba ya iya ratsawa. Daga nan sai ya bi gangare, ya ɓullo a gefen fadama. Watau abin da aka zubar a kan tudu, shi ake sha a gindin tudu. In akwai masai ko juji ko turken dabbobi a sama da idon, ƙazantarsu tana iya bin ruwan.

Garau ba shi ne tsabta ba

Mutane da yawa suna zaton ruwan da ya fito garau, mai sanyi, ba shi da cuta. Wannan kuskure ne, gama ƙwayoyin kwalara da na taifot ido ba ya ganinsu, harshe ba ya jinsu. A shekarar 1854, a wata unguwa ta Landan, mutum fiye da 500 suka mutu da kwalara cikin kwana goma. Likita John Snow ya bi diddigi, ya gane daga famfon rijiya guda suke sha, na titin Broad Street, wanda ake yabon ruwansa. Daga baya aka tarar ramin masai ne ke yoyo dab da rijiyar. A Nijeriya ma an yi babbar annobar kwalara a 1971, a 2021 kuma ta kashe mutum fiye da 3,000.

Kada kuwa a ce gyara ba ya yiwuwa. A 1988 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a ƙasar nan. Da aka dage wajen tace ruwa da hana masu ciwon shiga tafki, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi.

Wa ke da ruwan?

Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta ba kowa izinin ɗibar ruwa kyauta, don amfanin gida da shayar da dabbobi, daga mashayar da jama'a ke da hanyar zuwa gare ta ba shamaki. Saboda haka, in idon ruwa tun kaka da kakanni mutanen ƙauye ke sha, ba daidai ba ne wani ya wayi gari ya toshe hanya don ya sayi gonar da ke kewaye. Amma wanda ya kashe dukiyarsa ya gina wurin, ya sa bututu, yana kuma kula da shi, ba laifi ya sami ladan wahalarsa. Aikin Hakimi shi ne ya tara mai gona da Dagaci da dattawa a daidaita, a rubuta abin da aka shirya, a kuma bar wa marar hali kafar ɗibar na sha. In sulhu ya gagara, sai a kai maganar ga Ƙaramar Hukuma a Turunku.

Abin da malamin Hakimi zai duba

Lalle ne malami ya je da ƙafarsa, tare da duba-gari, ya rubuta amsar waɗannan:

1. An gina wa idon akwatin siminti mai murfi, ruwa na fita ta bututu, ko kuwa kowa na tsoma guga?
2. Akwai masai a sama da shi, ko wanda bai kai nisan mita 30 ba?
3. An haƙa lambatu ta sama don kau da ruwan malale?
4. Akwai shinge mai hana dabbobi? An ware wurin wanki ta ƙasa?
5. Ruwan ya kan gurɓace bayan an yi ruwan sama? In haka ne, malale na shiga, gama ruwa ba ya tsami banza.
6. Yaushe aka kai ruwan awo, ina kuma takardar?

Wanda ke ɗura ruwa a leda ko kwalba don sayarwa, wajibi ne ya yi rajista da hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, lambarta kuma ta fito a jikin ledar.

Abin da za a gaya wa masu saye

Ko idon ya tsarkaka, jarka mai gansakuka tana ɓata ruwa a hanya. A riƙa wanke jarka da randa, a rufe su, a ware moɗa guda wadda ba a kai ta baki. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ruwan da ake shakka, a tafasa shi har ya yi minti guda yana ɓararraka, musamman wanda za a ba yara. In kuwa aka ga amai da gudawa a gidajen da ke sha daga ido guda, Mai Unguwa ya sanar da Dagaci, Dagaci ya sanar da Hakimi, labari ya kai ga ma'aikatan lafiya ran nan, kada ya kwana.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan takarda ga Dagatai da Masu Unguwanni tun kafin rijiyoyi su janye.