Girgizar Ƙasa a Turkiyya da Siriya: Ina Gudummawar Jama'a Takan Shiga?

Ran 6 ga Fabrairu, ranar Litinin da asuba, a shekarar 2023, da ƙarfe 4:17, mutane suna cikin barci, sai ƙasa ta girgiza a kudancin Turkiyya da arewacin Siriya. Ƙarfinta ya kai 7.8 a ma'aunin girgizar ƙasa. Bayan kamar sa'a tara, wata mai ƙarfin 7.5 ta biyo baya. Benaye suka rufta a kan masu su. Fiye da mutum 50,000 suka mutu a Turkiyya kaɗai, ga kuma dubbai a Siriya. Cikin mamatan har da Christian Atsu, ɗan ƙwallon ƙasar Gana, wanda yake wasa a birnin Antakiya. Lokacin kuwa hunturu ne, waɗanda suka tsira suka kwana a waje cikin tsananin sanyi.

Duk sa'ad da irin wannan masifa ta auku, mukan ji ana roƙon jama'a su ba da gudummawa. Ya kamata mu san inda takan shiga. Aikin agaji yana da matakai uku.

Mataki na fari shi ne ceton rai. Kwana uku na farko su ne mafi muhimmanci, gama bayansu da wuya a sami mai rai a ƙarƙashin gini. Ƙasashe da yawa suka aiko da ma'aikatan ceto da karnuka masu sansano mutum. Har Armeniya, wadda ba ta ga maciji da Turkiyya, ta aiko da motocin kaya ta wata gada da aka yi shekara 35 ba a bi ta ba. A arewa maso yammacin Siriya kuwa, inda yaƙi ya riga ya ɓata ƙasar, ƙofa ɗaya tak, wato Bab al-Hawa, aka yarda wa Majalisar Ɗinkin Duniya ta bi. Motocinta na farko ba su shiga ba sai ran 9 ga wata. Kafin nan, 'yan sa kai masu farar hular kwano da maƙwabta ne suka yi ta tono, wasu da hannu.

Mataki na biyu shi ne riƙe waɗanda suka tsira da rai: abinci, ruwan sha, tanti, barguna da magani. A nan ne kuɗin talaka yake aiki. A Birtaniya, ƙungiyoyin agaji 15 suka haɗa kai suka yi roƙo ɗaya, jama'a suka ba da fiye da fam miliyan 150. A Turkiyya, gidajen talabijin suka yi shiri ɗaya ran 15 ga Fabrairu, aka yi alkawarin fiye da lira biliyan 115. Magoya bayan ƙungiyar ƙwallon Besiktas kuma, da wasa ya kai minti 4 da daƙiƙa 17, suka yi ta jefa kayan wasan yara cikin fili domin yaran da suka rasa gidajensu.

Wani zai ce, me ya sa ƙungiyoyi sukan fi son kuɗi da kaya? Dalili shi ne, tsofaffin tufafi suna bukatar a tsince su, a ɗaure, a biya kuɗin jirgi, a kuma sami wurin ajiya. A wasu garuruwan da girgizar ta shafa, an ga tulin tufafi a bakin hanya ba mai ɗauka, alhali tanti da makewayi ake nema. Da kuɗi kuwa, ana sayen ainihin abin da ake bukata a kasuwa mafi kusa, 'yan kasuwar ƙasar ma su farfaɗo. Wani lokaci akan ba iyali kuɗin a hannu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mataki na uku shi ne sake gini, shi ne kuma mafi tsawo da tsada. Bankin Duniya ya ƙiyasta ɓarnar da aka yi a Turkiyya a kan dala biliyan 34. A watan Maris na 2023, ƙasashe suka taru a Burasal suka yi alkawarin yuro biliyan 7. Duk da haka, bayan shekara guda, dubban ɗaruruwan mutane suna nan zaune cikin kwantena. A lokacin 'yan jarida sun watse, masu bayarwa sun manta, bukata kuwa tana nan.

Akwai kuma batun amana. Daga baya aka gano cewa a kwanakin farko ƙungiyar Red Crescent ta Turkiyya ta sayar wa wata ƙungiyar agaji tantuna maimakon ta raba su kyauta. Jama'a suka fusata ƙwarai, shugabanta ya sauka a watan Mayu. Saboda haka ba laifi ba ne mai bayarwa ya tambaya: wa yake riƙe da kuɗin, yaushe kuma za a karanta lissafi?

Mu da muke karanta Littafin Ayyukan Manzanni mun san Antakiya. A sura ta 11 an nuna yadda masu bi na wannan birni suka tara gudummawa domin 'yan'uwa a Yahudiya saboda yunwa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika ta hannun amintattun mutum biyu, Barnaba da Shawulu. Birnin da ya aika da taimako a dā, shi ne ya zama mai karɓa a 2023.

Don haka, ɗalibai da malamai da iyaye, idan aka miƙo mana kwanon baiko domin waɗanda masifa ta faɗa wa, kada mu raina abin da yake hannunmu, da yayyafi kogi kan cika. Mu bayar da abin da ake bukata, ta hannun da muka amince da shi, mu kuma sake tunawa da su bayan labarin ya daina fitowa a rediyo.